An Bar Jaki Ana Dukan Dikoda

Daren Laraba, 7 ga Fabrairun 2024, Najeriya da Afirka ta Kudu suka shafe minti 120 a filin wasa na Bouaké, kunnen doki ɗaya da ɗaya, aka tafi bugun daga kai sai mai tsaron gida. Falona a cike yake: yarana, 'ya'yan maƙwabta da suka saba shigowa kallo, da ƙanina da ya zo mana kwana biyu. Nwabali ya riga ya kaɗe biyu. Kelechi Iheanacho ya ajiye ƙwallo ya ja da baya, kowa ya miƙe tsaye, sai hoto ya tsaya cak. Fuskarsa ta farfashe ta koma ƙananan akwatuna kore da shuɗi, muryar mai sharhi ta yi ƙit-ƙit ta ɗauke, allo ya yi baƙi ya rubuto mana "No Signal". Ihun unguwa ne ya sanar da mu an ci.

"Abba, wallahi dikodar nan ta mutu," in ji babban ɗana. Ban yi masa musu ba, don ni ma abin da ke raina ke nan. Washegari na sayo sabuwa. Ranar Lahadi da aka yi wasan ƙarshe ita ma ta yi mana halin 'yar'uwarta, ko da yake ganin yadda muka kwashe da masu masaukin baƙi a Abijan, wataƙila tausayinmu ta ji. Daga nan wani mai shago ya rantse mini cewa busta ce maganin abin. Na saya, na jona, sai ga shi har tashoshin da ke kamawa a da sun gudu.

Mai gyaran da wani abokina ya turo mini bai ko taɓa dikodar ba. Rimot ya karɓa, ya shiga wani shafi da ban taɓa buɗewa ba, ya tsura wa wasu layuka biyu ido na kusan minti ɗaya, sannan ya juyo ya ce, "Alhaji, akwai tsani a gidan?" Da ya sauko, guntuwar waya ce a hannunsa, tsawonta bai wuce taƙi ɗaya ba. Ya ɓare baƙar robar da farce ya miƙo mini. Saƙar siraran wayoyin da ya kamata a gani fari tas ta koma gari-gari kamar toka, zuciyar wayar kuma ta yi jawur da tsatsa. Ruwan daminar bara ne ya shiga ta wurin mahaɗa ya kwanta a ciki, ya yi ta cin ƙarfen a hankali har rani. Abin da ya canza mini bai kai kuɗin kwanon shinkafa ba. Dikoda biyu da busta ɗaya kuwa suna nan a kan kabad suna kallona.

Tun daga ranar nake lura da gidajen 'yan'uwa da abokai, na ga ashe ba ni kaɗai ba ne. Da hoto ya fara kakkaryewa, abin da ke gaban ido shi ake tuhuma, kuma shi ne ya fi tsada. Alhali mafi yawan ciwon yana can tsakanin saman kwano da bayan talabijin, a cikin tarkacen da ba wanda ke waiwaya bayan ranar da aka ɗaura su.

Hoton da ba ya kuka kafin ya mutu

Wanda ya taso a Kano zamanin CTV 67, wadda yanzu ake kira ARTV, ya san yadda ake da eriya. Tana can a kan doguwar gora, an ɗaure ta jikin katanga, a tura yaro waje yana murɗawa, na ciki na ƙwala masa kira ta taga: "Juya! Ya isa! A'a, koma baya kaɗan!" Talabijin ɗin wancan zamani ba ta ɓoye ciwonta. In sigina ta yi rauni, hoton ya yi yashi-yashi. In ta ƙara rauni, launi ya gudu a koma baƙi da fari. In ta bugi wani gini ta dawo, ka ga mai karanta labarai da inuwarsa a gefe kamar 'yan biyu. Ido kaɗai ya isa ya gaya maka ko gaba kake yi ko baya.

Ta dijital ba haka take ba. Abin da ke zuwa ta iska yanzu lambobi ne, kuma tare da su ake aiko wasu ƙarin lambobi waɗanda aikinsu cike giɓi. Ko wani ɓangare ya lalace a hanya, dikoda za ta lissafa abin da ya ɓata ta mayar da shi, ka ga hoto garau kamar ba a yi komai ba. Haka za ta yi ta rufa asiri har ɓarnar ta fi ƙarfin lissafinta, sai komai ya rushe lokaci guda. Injiniyoyi na kwatanta abin da mai tafiya a bakin gaɓa: wanda ke nesa da ramin da wanda saura masa taku ɗaya, dukansu a tsaye suke, ba ka bambance su sai iska ta kaɗa.

Ke nan kyawun hoto ba shaida ba ne cewa komai lafiya. Gidana ya yi watanni a bakin gaɓar nan ban sani ba. Tsatsa na ci, rarar siginar da nake da ita na raguwa, hoto kuwa tangaran, har ranar da ɗan abu kaɗan ya ingiza mu. Shi ya sa mutane ke cewa "haka kawai ya ɗauke, jiya lafiya ƙalau muka kalla". Ruwa ba ya tsami banza. Ba a dai ga lokacin da ya fara ba ne.

Shafin da mai gyaran nan ya buɗe shi ne madadin yashi-yashin da muka rasa. Kusan kowace dikoda na da shi, a wasu ma danna maɓallin bayani sau biyu ya isa. Layi ɗaya an rubuta masa "Strength", wato ƙarfin abin da ke shigowa. Ɗayan "Quality", wato tsabtarsa. Mutane sun fi ruɗuwa da na farko. Ƙarfi yana auna duk wani abu da ya shigo ta wayar ne, da saƙo da hayaniya. Ka tsaya a tsakiyar Kantin Kwari da azahar: ƙara kam kunnenka ya cika da ita, amma maganar wanda ke kiranka daga ɗaya layin ba ka fahimce ta ba. Tsabta ita ce fahimtar maganar. In ƙarfi ya cika tsabta na ƙasa, akwai abin da ke gurɓata siginar. In duka biyun suna ƙasa, siginar ce ba ta isowa. In tsabta na hawa da sauka kamar numfashi, a nemi abin da ke motsi ko ke kunnuwa yana mutuwa. Lambobin kansu ba su da ma'auni ɗaya, 60 a wannan dikoda ba ita ce 60 a waccan ba, don haka da kanta ake gwada ta: nawa take nunawa ranar da komai ke lafiya, nawa take nunawa yau.

Kafin a ɗauko tsani

Akwai tambayoyin da ba sa cin ko sisi. Ta farko, wa ya rubuta "No Signal" ɗin, talabijin ko dikoda? Danna maɓallin menu a rimot ɗin dikoda. In shafinta ya fito, tsakaninta da talabijin lafiya, matsalar na wajen eriya. In bai fito ba, wataƙila yaro ne ya danna ya mayar da talabijin kan AV alhali a HDMI aka jona, ko wayar da ke tsakaninsu ta saki. An sha kiran mai gyara daga wata unguwa a biya shi kuɗin mota saboda wannan kaɗai. In kuwa kuɗin wata ne ya ƙare, ko ɗan kuɗin shekara da ake biya wa akwatin FreeTV, saƙon da ke fitowa daban ne, kuma layukan sigina za su nuna a cike.

Ta biyu, a leƙa maƙwabta. In su ma ya ɗauke musu, daga tashar watsawa ne, sai haƙuri. Hasumiya ma da wuta da dizal take aiki, kuma ana kashe ta a yi gyara.

A nan yana da kyau a san yadda tsarin yake. A 2006 ƙasashen Afirka da Turai da Gabas ta Tsakiya suka amince a Janeba, ƙarƙashin hukumar sadarwa ta duniya ITU, cewa za a bar tsohon tsari a koma dijital zuwa 17 ga Yunin 2015. Najeriya ta sa wa kanta 2012, ta wuce. 2015 ta zo ta wuce. 2017 ma haka. A Jos aka fara gwaji ranar 30 ga Afrilun 2016, garin da shi ne kuma ya fara watsa hoto mai launi a ƙasar a shekarun 1970. Abuja ta biyo baya a Disambar 2016 daga kan tudun Mpape, sai Ilori da Kaduna a ƙarshen 2017, Inugu da Oshogbo a farkon 2018, Legas a Afrilun 2021, Kano a Nuwambar 2021. Tun kafin nan StarTimes, da haɗin gwiwar NTA, ta fara watsa dijital ta eriya a 2010, GOtv ta shigo a 2011. A Nijar da sauran ƙasashe masu Faransanci TNT ake ce wa wannan tsari.

Abin da ya shafi mai kallo a duk wannan tarihi shi ne, yanzu ba kowane gidan talabijin ke da hasumiyarsa ba. Hukumar NBC ta ba kamfanonin rarraba sigina lasisi, irin su ITS da Pinnacle, su ke tattara tashoshi su cusa goma sha wani abu a mita ɗaya mai faɗin megahaz 8, su harba tare. Kamar motar haya ce: in ta lalace a hanya, duk fasinjojinta ne ba za su iso ba. Saboda haka in ka ga tashoshi takwas ko goma sun ɓace tare sauran na nan, ba gidajen talabijin ɗin ne suka haɗa baki ba. Mita ɗaya ce eriyarka ta kasa kamawa, sau da yawa wadda ta fi sauran tsawon lamba, don ita ce ta fi jin jiki a cikin waya marar kyau.

Kuskuren da ake yawan yi a daidai wannan gaɓa shi ne a ruga a sa dikoda ta sake neman tashoshi. Idan sigina ba ta da lafiya, binciken zai share jerin da kake da shi ya dawo maka da rabi, ko ya dawo hannu rabbana. A gyara tukuna, a nema daga baya.

Waya

A nan na fi so mu daɗe, don a nan aka fi yin asara. Wayar eriya ba kamar ta lantarki ba ce da za a ce in dai ƙarfe ya taɓa ƙarfe shi ke nan. Hawa huɗu gare ta: zuciya ta jan ƙarfe, farar roba mai kauri da ta kewaye ta, sai rigar alminiyom da saƙar siraran wayoyi, sai baƙar roba ta waje. Tazarar da ke tsakanin zuciyar da saƙar ita ce sirrin aikin. In aka matse wayar da ƙofa, ko aka buga mata ƙusa ta lotsa, ko aka lanƙwasa ta kamar gwiwar hannu a kusurwar gini, an ɓata wannan tazara ko da ba a ga rauni daga waje ba.

Ko sabuwa ce dal, waya na cin sigina. Mai kyau irin wadda ake kira RG6 tana cinye kusan rabin ƙarfin a duk mita 15 zuwa 20. Siririya mai araha ta fi haka ci nesa ba kusa ba, ga saƙarta shara-shara kamar gidan sauro da ya tsufa, kowace hayaniya ta gidan sai ta shige ta. Araha ba ta ado. In za ka saya, ka ce a yanko maka ɗan guntu ka ɓare ka ga kaurin saƙar. Wasu na gwada zuciyar da maganaɗisu: in ya kama, baƙin ƙarfe ne aka shafa wa jan ƙarfe. Irin wannan tana aiki, amma ranar da ruwa ya same ta tsatsa ba ta yi mata da sauƙi. Sauran wayar da ta yi rara kuma, da ake naɗewa a rataye bayan kabad don "kar a yi asara", ita ma ci take yi. A yanke ta.

Rana irin tamu ba ta barin roba. Shekara uku ko huɗu a kan kwano, baƙar rigar ta bushe ta tsattsage, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ruwa na bin saƙar nan kamar yadda kananzir ke bin lagwani, har akwai gidajen da yake gangarowa ya ɗigo a bayan dikoda. Maganin ba wuya: a naɗe mahaɗar da ke jikin eriya da tef mai kyau, bakinta na kallon ƙasa, sannan kafin wayar ta shiga ɗaki a bar mata ɗan ciki ta sauka ƙasa ta sake hawa, don ruwan da ya biyo bayanta ya ɗige a nan.

Sai kan wayar, wanda masu sana'ar ke ce wa konekta. Silin waya ɗaya tak daga cikin saƙar, siriri kamar gashi, in ya karkace ya taɓa zuciyar, ya kashe siginar gaba ɗaya. Na kuma ga gidajen da aka haɗa waya biyu ta hanyar murɗe su da hannu a naɗe da leda. Yana iya yin aiki a gidan da ke ganin hasumiya da ido. A bayan gari kuwa wannan ƙullin kaɗai ya isa. Haka ɗan akwatin da ake raba layi da shi zuwa ɗakin uwargida da na amarya: kowane ɓangare abin da ke isa gare shi bai kai rabi ba, in aka raba huɗu kowa ya tashi da ƙasa da rubu'i. Adalci kam an yi, sai dai kowa na kallon hoto mai kakkaryewa. Gwajin mai sauƙi ne: a cire shi a jona talabijin ɗaya kai tsaye, a duba layin tsabta.

Eriya da inda take kallo

Eriyar nan mai kama da ƙashin kifi, wadda wasu Japanawa biyu, Yagi da Uda, suka ƙirƙiro a 1926, tana da gaba tana da baya. Gajerun sandunan su ne gaba, su ke kallon hasumiya; dogayen ko ragar su ne baya. Ba sau ɗaya ba na ga an ɗaura ta ta juya wa tashar ƙeya. Sandunan kuma ko dai a kwance ko a tsaye, gwargwadon yadda tashar ke harbawa, kuma hanya mafi sauƙi ta sani ita ce a dubi rufin maƙwabtan da nasu ke kamawa da kyau.

Wurin juyawa, tsohon salon "juya, ya isa" na nan, amma da sharaɗi. Dikoda na ɗaukar daƙiƙa biyu ko uku kafin ta nuna sakamakon motsi, don haka mai juyawa da sauri zai wuce wurin bai sani ba. A matsa kaɗan, a tsaya, a karanta tsabta, a sake matsawa. Kuma ba wurin da hoto ya fara fitowa ake ɗaurewa ba, wannan bakin gaɓa ne. A ci gaba har lambar ta kai ƙololuwa ta fara sauka, sannan a dawo tsakiya.

Siginar talabijin ta UHF, wadda ke farawa daga megahaz 470, kusan a miƙe take tafiya kamar haske. Hasumiya mai tsawon mita 100 da eriya mai tsawon mita 9, a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, iyakar ganin junansu bai wuce kilomita hamsin da 'yan kai ba. Tudu kuwa inuwa yake yi: gidan da Dala ko Goron Dutse ya shiga tsakaninsa da tasha, ko unguwannin Jos da Abuja da ke lungun duwatsu, suna iya shan wahala alhali na nesa da su na kallo lafiya. A irin wannan wuri wani lokaci eriya ta fi kamawa in ta kalli wani dogon gini da siginar ke bugawa ta dawo. Tsawon zangon igiyar kuma kusan rabin mita ne kacal, shi ya sa ɗaga eriya da kamu ɗaya, ko matsar da ita gefe kaɗan, kan canza komai. Ba kullum ne ƙarin tsawo ke ƙara kyau ba. Gwadawa ake yi.

Ƙaramar eriyar cikin ɗaki kuwa, a gidan da aka rufa da kwano aka sa wa tagogi ƙarfe da raga, kamar an sa ta cikin tukunya an rufe ne. In dole sai ita, a kai ta bakin tagar da ke fuskantar tasha, nesa da bayan talabijin.

Bishiya ma na da nata. Darbejiya ko mangwaron da bai kai katanga ba lokacin da aka ɗaura eriya, bayan shekara biyar ya tsaya mata a gaba, kuma jiƙaƙƙen ganye ya fi busasshe tare sigina. In tsabta na rawa duk lokacin da iska ta kaɗa, ko dai turken ne ke lilo ko reshe ne ke wucewa. Gawo ne kaɗai mai kirki a wannan fanni, shi da ke zubar da ganyensa da damina.

Garin gyaran gira

Busta ba ta ƙirƙiro sigina. Abin da ta samu shi take ƙarawa, da mai kyau da marar kyau. Amfaninta na gaskiya ɗaya ne: a ɗaura ta can sama kusa da eriya, ta ƙarfafa siginar tun tana da tsabta, don ta jure doguwar waya ko rabawa ɗakuna. Wadda aka jona a bayan talabijin, bayan waya ta gama cinye abin da za ta ci, hayaniya kawai take hurawa. A cikin gari kusa da tasha kuma ɓarna take yi, kamar lasifikar gidan biki da aka ƙure wa murya har ba a gane waƙar. Abin da ya faru da ni ke nan.

Akwai wani sabon dalili da ya sa busta ta ƙara zama haɗari. Komawa dijital ya sa an 'yanto saman zangon UHF, wajajen megahaz 700 da 800, aka ba kamfanonin waya suna 4G da shi. Lamba 67 da ke cikin sunan CTV, a lissafin tashoshin UHF tana wajen megahaz 842 ne, wato a unguwar da yanzu ta koma ta wayar hannu. Tsofaffin eriyoyi da bustoci an ƙera su ne su kwaso har can. In akwai turken sabis kusa da gidanka, busta za ta kwaso ƙarfinsa ta toshe wa dikoda kunne. Akwai 'yar matata da ake sayarwa don wannan, ana sa ta tsakanin eriya da busta, ba bayanta ba.

Wasu eriyoyin kuma da 'yar bustarsu a ciki suke zuwa, dikoda ce ke tura musu wuta bolt 5 ta cikin wayar. In aka kashe wannan a menu, ko aka mayar da dikoda yadda ta fito daga kamfani ya kashe kansa, eriyar ta zama kurma. In kuma eriyar ba mai wuta ba ce aka kunna, wata dikodar sai ta yi ta ƙorafin an haɗe mata waya.

Maƙiyan cikin gida

In matsalar na da lokaci, a bi lokacin. Hoton da ba ya kakkaryewa sai an tayar da janareta, ko sai firij ya tashi, ko sai an kunna wani ƙwan fitila, ya riga ya faɗi sunan mai laifi. Tartsatsin fulogin janareta da na babur, inbata ta sola, cajar waya mai araha, har da wayar HDMI marar kyau in ta kwanta jikin ta eriya, duk suna fesa hayaniya. A kashe su ɗaya bayan ɗaya ana kallon layin tsabta. Ita kanta adaftar dikoda tana gajiya, musamman inda wuta ke zuwa rabi-rabi. Alamarta dikoda ta riƙa mutuwa tana tashi da kanta, ko ta yi lafiya da safe ta rikice in ta ɗau zafi. A ari wata mai bolt iri ɗaya a gwada kafin a yanke wa dikodar hukunci.

Game da ruwan sama, ana haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Dish, wanda ke karɓo sigina daga tauraron ɗan'adam mai nisan kusan kilomita 36,000, shi ne hadari mai nauyi ke toshewa, don a mitarsa ɗigon ruwa katanga ne. Siginar eriya ba ta damu da ruwan sama sosai ba. In taka na ɗaukewa duk sanda aka yi ruwa, kuma ba ta dawowa sai an kwana biyu ana rana, ba sama za ka kalla ba, wayarka ce ta sha. Ƙurar hunturu ma ba ta tare ta. Iskar ce ke karkata eriya, kamar yadda guguwar farkon damina ke yi a Mayu da Yuni. Akwai dai safiyoyin sanyi da iska ke kwanciya hawa-hawa, ta ɗauko siginar wani gari mai nisa ta kawo ta yi karo da ta gida. Wannan ba ya gyaruwa da tsani. Rana na ɗagawa yake wucewa.

Saura masu sayen talabijin ta hannu da ake cewa "da dikodarta a ciki". Tsarin da Najeriya ta ɗauka sunansa DVB-T2. Tsofaffin na Turai da yawa DVB-T kawai suka sani, ba sa ganin na biyun. Waɗanda aka yi don Amurka kuwa wani tsari ne daban mai suna ATSC, ko ka kai su gindin hasumiya ba abin da za su kama. A duba takardar da ke manne a baya. Ko mai T2 ɗin ce, tashoshin da aka kulle sai da dikodar masu su.

Magana ɗaya da ba ta wasa ba: dogon bututun ƙarfe da wayar lantarki ta kan titi ba sa haɗa hanya. Kafin a ɗaga turke a dubi sama, a tabbata ko ya faɗi ba zai kai ga waya ba, don babban layi ba sai an taɓa shi yake kamawa ba. Ba a hawa kwano da jiƙaƙƙen takalmi, ba a hawa in hadari ya haɗo, kuma ba yaro ake turawa ba. Turken ƙarfe da ya fi komai tsawo a gida yana son waya mai kauri da za ta sauke shi cikin ƙasa saboda aradu, in kuma an fara walƙiya a zare wayar eriya daga dikoda, ba soket kaɗai ba.

Da mai gyaran nan zai tafi, ya ce in ba shi alƙalami. Ya yagi gefen kwalin sabuwar dikodar da na yi asarar kuɗi a kanta, ya rubuta lambobi biyu da allon ke nunawa, ya sa kwanan wata, ya manna a bayan talabijin da ragowar tef ɗinsa.

"Duk ƙarshen damina ka duba, Alhaji. In ta ƙasan ta sauka da kamar goma, ka kira ni, ko da hoton na da kyau."

Na duba a watan Oktoba, ta sauka da uku. Darbejiyar maƙwabcina ce na fi zargi, ta fara leƙo kan katanga, kuma har yanzu ban san ta inda zan ɓullo masa da maganar ba.